Me Ya Sa Kika Fara?

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau a taron safe shugabar makaranta ta kira ni gaban kowa. Na ɗauka batun makara ne, don kullum sai an buga ƙararrawa nake shigowa. Sai na ji tana cewa ni makarantarmu ta zaɓa ta tura neman tallafin karatun nan na gidauniya, wanda ake ba ɗaliban ajin ƙarshe masu kyawun hali da yi wa jama'a hidima. Shekara huɗu a jami'a, har da littattafai da wurin kwana. Mutum biyu kacal za a ɗauka a duk gundumarmu.

Ta karanto abin da na yi, ni kuma ina saurare kamar labarin wata ake bayarwa. Wata bakwai ina tsayuwa kowace safiya a bakin titin firamare da allona mai rubutun TSAYA, ina ƙetarar da yara. Na haɗa 'yan ajinmu goma sha ɗaya muna yi karɓa-karɓa. Na rubuta wa hukuma wasiƙa huɗu har aka zo aka yi tudun rage gudu. Duk Asabar kuma ina zuwa koyar da yarinyar da mota ta buge a wurin.

Aka yi ta tafi. Rediyo, ƙawata da bakinta ba ya hutawa, ta rungume ni har muka kusa faɗuwa. "Yarinya, kin haye! Idan kin zama babbar mace kada ki ce ba ki san ni ba."

Na yi murmushi. Ina jin na yi shi daidai. Daga nan na wuce banɗaki na yi amai.

Litinin, ƙarfe takwas

Na gaya musu a gida. Mama ta ajiye cokali ta kalli Baba. Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Madalla, Uwata. Allah ya sa albarka." Can kuma ya ce, "Tambayoyi za su yi miki?"

Na ce za su yi.

Ya ce, "To."

Iyakar murnar da aka yi ke nan. Tun da aka rufe kamfanin da Baba yake aiki ba wanda ya ƙara ɗauko zancen jami'a a gidan nan, duk mun san amsar. Yau ga hanya ta buɗe, amma kowa farantinsa yake kallo.

Talata, ƙarfe shida da kwata na safe

Talata. Allon nan ya fi nauyi ranar Talata.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Malama Jar Biro ce aka ɗora wa shirya ni. Ita ke koya mana rubutu, kuma ba ta taɓa mayar wa mutum takarda ba tare da ta yi mata ja-ja ba. Ta ba ni fom. Abu uku suke so: rubutu shafi biyu, wasiƙa daga wanda ya amfana da aikin, sai ganawa da kwamiti nan da mako uku.

Tambayar rubutun layi ɗaya ce: Me ya sa kika fara wannan aikin?

Malama ta ce, "Wasiƙar kuwa, uwar yarinyar nan ce za ta rubuta. Babu wadda za ta kai tata nauyi."

Na ce ko shugaban firamare zai fi, tunda yana da hatimi.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Hatimi suke nema ko gaskiya? Ai na riga na biya ta shagonta jiya. Har hawaye ta yi don murna."

Laraba, ƙarfe huɗu

Na rubuta: Tun ina ƙarama nake son yara. Na yaga.

Na rubuta: Kowane ɗan ƙasa na gari. Na yaga.

Na share ɗakina, na wanke takalman makaranta, na jera littattafai daga babba zuwa ƙarami, na sake jera su daga ƙarami zuwa babba. Mama ta leƙo ta ce in zauna wuri ɗaya, ina sa mata jiri.

Alhamis, bayan an tashi makaranta

Wurin da motar Baba take tsayawa da, yanzu Mama ta ɗaura igiyar shanya. Amma tabon baƙin mai yana nan a siminti. Na zuba omo na goge da buroshi sau biyu, bai fita ba. Wata bakwai ke nan da sayar da ita. Baba ya ce wa maƙwabta injin ne ya lalace.

Ɗakin Yaya ma wata bakwai yana kulle. Idan aka tambaya, yana wurin Kawu yana koyon aikin walda. Gaskiya ne, yana can. Duk abin da muke faɗa wa mutane gaskiya ne, shi ya sa ba ma kama junanmu da ƙarya.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na dawo daga wurin Tsuntsuwa, yarinyar da motar ta buge. Haka uwarta take kiranta, don surutunta kamar na tsuntsun safe. Shekararta takwas. Suna zaune a ɗaki ɗaya bayan shagon ɗinkin uwar, labule ne ya raba su. Ƙarfen da aka sa mata a ƙafar hagu yana nan, ta manna masa 'yan ƙyallaye masu launi da ta tsinta a ƙarƙashin keken ɗinki. Yau rabawa muka yi. Ta ce rabawa mugun lissafi ne, kullum sai an bar wani abu shi kaɗai a gefe.

Da muka gama, uwarta, Anti Maɗinkiya, ta kashe keke ta jawo kujera.

"Malama ƙarama, zo mu yi wasiƙar nan. Ni rubutuna ko ni ba na iya karanta shi. Ni zan faɗa, ke ki rubuta, in sa hannu."

Na ce ba daidai ba ne in rubuta da hannuna. Ta ce wa zai sani, ai maganar tata ce.

Na ɗauki biro. Ta fara da gaisuwa, ta faɗi yadda na zo asibiti kwana uku bayan abin, da kayan makaranta a jikina, na ce na ji labari ne na zo dubiya. Ta faɗi yadda nake wanke wa Tsuntsuwa kai lokacin da ita ba ta da hannu biyu. Sai ta ce:

"Rubuta. Wanda ya buge 'yata bai tsaya ba. Wannan yarinyar da ba ta san mu ba, ba ta haɗa komai da mu ba, ita ce ta tsaya."

Biron ya tsaya a hannuna.

"Ya ƙare ne? Tsuntsuwa, ba ta naki."

Na rubuta. Rubutuna ya fita tsaf, ko harafi ɗaya bai karkace ba. Ta sa hannu, ta naɗe takardar, ta zuba mini abinci ta ce ba zan fita ba sai na cinye. Na cinye.

Asabar, ƙarfe shida

Wasiƙar tana cikin littafin kimiyya, littafin yana cikin jaka, jakar tana ƙarƙashin gado. Har yanzu ina jin ta.

Lahadi, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yaya ya kira, kamar kowace Lahadi. Ya gaisa da Baba minti ɗaya, da Mama minti goma, sannan aka miƙo mini. Mama ta riga ta gaya masa.

"Auta, an ce za ki jami'a."

"Ba a ba ni ba tukuna."

"Za su ba ki. Ki karɓa. Ko ɗayanmu ya tsira da wani abu." Ya yi dariyar nan tasa wadda ba ta kai ciki. Da can Yaya idan ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Ina jin ƙarar ƙarafa a bayansa. Sai ya ce, "Tana takawa?"

Kullum haka yake tambaya. Bai taɓa cewa wa ba.

"Da sanda biyu."

"To. Ba Mama wayar."

Litinin, ƙarfe biyar

Na kai wa Malama wasiƙar. Ta karanta a tsaye, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Wannan ta gama magana." Rubutuna kawai ya rage.

Talata, ƙarfe shida na safe

Na tashi da ciwon kai. Zan je dai.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Baba ya kira ni tsakar gida. Ya zauna a kan benci, ni a kan bokitin da aka kifa.

"Uwata, me za ki rubuta musu?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ki rubuta abin da kika yi. Titin nan ke kika tsaya a kai, ba wani ba. Ruwa ya dake ki, rana ta dake ki. Babu ƙarya a ciki."

"Ba abin da na yi suka tambaya ba. Dalili suka tambaya."

Ya ce, "Mu huɗu ne a gidan nan. Bakinki ba naki ba ne ke kaɗai. Yayanki shekararsa ashirin, ko lasin ba shi da shi a lokacin. Kin san inda za su kai shi."

Na ce na sani.

"Ni na ce ya tafi wurin Kawunku. Ni na sayar da motar. In akwai alhaki, a wuyana yake, ba a naki ba. Ke ki yi karatunki."

Ban taɓa jin Baba yana roƙo ba sai yau. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Na rubuta shafi biyun. Na ce na ga yadda motoci suke gudu a gaban firamare, na ji labarin abin da ya sami wata yarinya, zuciyata ta ƙi kwanciya. Duk gaskiya ne.

Juma'a, lokacin tara

Malama ta dawo mini da shi. Karon farko a tarihi babu ja ko ɗigo ɗaya.

"Babu kuskure," in ji ta. "Amma ke ma babu ke a ciki. Kowa zai iya rubuta wannan. Ko akwai abin da kika rage?"

Na ce babu. Ta ce to, lokaci ya ƙure, haka za a tura.

Asabar, ƙarfe uku

Likita ya ce ƙafar ta fi ɗayar gajarta, sai an sake aiki bayan shekara. Gudu kam, ya ce kada su sa rai. Anti ta gaya mini tana ɗinki, ba ta ɗago ba. Tsuntsuwa ta ce ba komai, dama ita ba ta son wasan tsere, kullum ita ce ta ƙarshe.

Ta zana ni a bayan littafinta, riƙe da allo, kaina ya fi jikina girma. Ta ce idan na tafi jami'a wa zai koya mata. Na ce zan riƙa dawowa. Ta ce in rantse. Na ce ba kyau yawan rantsuwa.

Lahadi

Yaya bai kira ba. Mama ta ɗauki wayar ta ajiye ya fi sau ashirin.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi

Sunana ya fito cikin mutum shida da za a gana da su ranar Alhamis. An manna hotona a allon sanarwa.

A hanyar gida Rediyo tana ta tsara mini kayan da zan sa da yadda zan zauna. Na ce ta yi shiru don Allah. Abin mamaki, ta yi. Muka wuce shago uku. Sai ta ce:

"Kin tuna ranar jarrabawar lissafi ta zangon farko? Kin shigo hannunki yana rawa, har kika kasa buɗe biro, ni na buɗe miki. A ranar aka buge yarinyar nan. A makon motarku ta ɓace, yayanki ma ya ɓace."

Na tsaya.

"Ban tambaye ki ba, kuma ba tambayarki nake ba yanzu. Ban gaya wa kowa ba. Ni da kuke cewa bakina ba ya rufuwa." Ta gyara jakarta. "Kawai na gaji da ganinki kina ramewa ne."

Wata bakwai. Rediyo.

Talata, ƙarfe shida na safe

Na ce yi sauri. Sau nawa na faɗa? Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Huɗu. Tsaya kuwa sau ɗaya na faɗa.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na je har bakin layinsu Anti na juyo. Na zagaya ta bayan asibiti, na sake dawowa, na sake juyawa. Mai sayar da katin waya ya tambaye ni ko ɓata na yi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa.

Zan rubuta yadda aka yi, don hannuna ya sami abin yi.

Na fita daga makaranta lokacin tara ban nemi izini ba. Na san ranar Laraba kakar Tsuntsuwa take kai ta gashin ƙafa, Anti ita kaɗai ce a shago. Na same ta tana haɗa hannun riga, allura a baki.

"Malama ƙarama, lafiya da rana tsaka? Ba gobe ne ganawar ba?"

"Anti, akwai ƙarya a wasiƙar nan."

Ta cire allurar. "Wace irin ƙarya? Ai ni na faɗa."

"Kin ce ban haɗa komai da ku ba. Ina cikin motar."

Ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Ban jira ba, don na san idan na tsaya ba zan ci gaba ba. Na ce ranar Talata ce, ina da jarrabawa ƙarfe takwas, na makara, Baba ba ya nan, na matsa wa yayana ya ɗauki mota ya kai ni. Ni nake ce masa ya yi sauri. Wata bas ta tsaya a gaban firamare, ya zagaye ta. Na ji ƙarar a tafin ƙafata kafin in ji a kunne. Na waiwaya na ga jakar makaranta ruwan ɗorawa a tsakiyar titi. Na ce Yaya tsaya. Ya ce ba zai iya ba, mutane za su kashe shi. Ban sake faɗa ba. Ya sauke ni a ƙofar makaranta, na shiga na rubuta jarrabawar. Na ci tamanin da biyu.

Ban san me ya sa na gaya mata makin ba.

Wata mata ta leƙo karɓar ɗinki, Anti ta ce mata ta dawo gobe, da muryarta ta kullum. Da matar ta tafi ta ce:

"Minti ashirin tana kwance a titi kafin a sami mai ɗaukarta. Likita ya ce da an kawo ta da wuri." Ba ta ƙarasa ba. "Wata bakwai kina cin abinci a kwanona. Da bakin da nake tsine wa mai motar, da shi nake sa miki albarka. A zama ɗaya."

Na ce ta yafe mini. Na san ba lokacinsa ba ne, amma ba ni da wata kalma.

"Tashi ki fita. Kada ta dawo ta same ki."

Laraba, ƙarfe takwas

Na gaya musu a gida. Mama ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Baba ya ce, "Kin shawarce mu?" Na ce a'a. Ya ce, "Kin tuna da yayanki?" Na ce kullum. Ya fita tsakar gida ya tsaya ƙarƙashin igiyar shanya, har yanzu yana can.

Ba wanda ya ci abinci.

Alhamis, ƙarfe uku

Na je ganawar, don Malama ta zo har gida ɗaukata kuma ban san yadda zan ce mata ba. Ɗaki ne mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Mutum uku: wani dattijo, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da wani mai rubuta komai. Wasiƙar Anti tana gabansu, da rubutun hannuna.

Dattijon ya ce wasiƙar ta taɓa su ƙwarai. Na ce ina roƙo a cire ta, don wadda ta sa hannu ba ta san wace ce ni ba lokacin da ta sa. Na faɗi sauran a taƙaice. Karo na biyu ya fi sauƙin fita, abin ya ba ni tsoro.

Mai rubutun ya daina rubutu. Dattijon ya ce, "Amma aikin dai kin yi shi, 'yata." Ma'aikaciyar jinyar ta ce, "Ta yi. Sai dai akwai yara biyar a waje da suka yi nasu ba don suna biyan wani bashi ba." Ba da zafi ta faɗa ba. Na ce gaskiya ne.

A cikin bas, da muka kusa sauka, Malama ta ce:

"Da kin gaya mini tun farko."

"Da me za ki yi, Malama?"

"Ban sani ba," in ji ta. Ta biya mini kuɗin mota ta riƙe hannuna muka ƙetare.

Juma'a, ƙarfe huɗu

An cire hotona daga allon sanarwa, an bar ƙusoshin huɗu. Labari ya zagaye makaranta kafin tara. Huɗu daga cikin masu tsayuwar titi sun ce iyayensu sun hana su. Rediyo ta ce ita za ta karɓi ranakunsu duka, kuma duk wanda ya kalle ni a karkace za ta karanta masa tarihin gidansu.

Baba bai yi mini magana ba tun Laraba. Idan yana son gishiri sai ya ce wa Mama.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Yanzu da muna rabawa.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya dawo. Ba wanda ya kira shi, Mama ce ta gaya masa a waya, shi kuma ya hau mota da asuba. Ya rame, hannuwansa duk tabon ƙuna. Mama ta riƙe shi tana kuka, Baba yana cewa ya koma tun kafin a gan shi.

"Baba, na gaji," in ji shi. "Ko mota ta yi ham a waje sai in tashi tsaye. Gara su zo da gaske, in huta."

Ya same ni a ɗakin girki ina wanke kwanon da na riga na wanke.

"Auta."

"Yaya."

"Ina jin haushinki. Kada ki ɗauka ba na ji."

"Na sani."

"Da ni ya kamata in faɗa." Ya ɗauki tsumma ya fara goge kwanonin da nake ajiyewa. Muka yi ta yi har suka ƙare.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Sun tafi ofishin 'yan sanda ƙarfe tara, shi da Baba da Kawu. Na hange su ta taga. A bakin titi Baba ya kama hannun Yaya kamar ƙaramin yaro.

Sun dawo bayan la'asar. An rubuta bayaninsa, an ba da shi beli, za a je kotu wata mai zuwa. An kira Anti ta zo. Kawu ya ce ta kalli Yaya sau ɗaya, ta ce, "Ashe yaro ne," ta juya ta sa hannu a takarda ta tafi. Ba wanda ya san abin da alƙali zai yanke.

Da za mu ci abinci Baba ya ce, "Uwata, miƙo ruwa." Na miƙa.

Alhamis, ƙarfe huɗu

An sanar da waɗanda suka samu. Wani yaro da ya tara tsofaffin littattafai ya buɗe ɗakin karatu a unguwarsu, da wata yarinya mai shirya ba da jini a asibiti. Na gan ta ranar ganawa, tana ta addu'a a kan benci. Sun cancanta.

Na yi kuka. Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, ina son jami'ar nan. Har na zaɓi gadon da zan kwanta a raina, na kusa da taga. Malama ta ce akwai kwas na koyarwa da ake yi da yamma, mutum yana aiki yana karatu. Na ce zan duba. Ba yau ba.

Litinin, ƙarfe takwas da rabi na safe, a aji

Tsuntsuwa ta koma makaranta yau. Ban sani ba sai da na gan su a ɗaya gefen titi, ita da sandunanta biyu, Anti riƙe da jakarta. Na ɗaga allo, motoci suka tsaya. Ta daɗe kafin ta ƙetare, wani direba ya fara ham, Rediyo ta yi masa kallon da ya sa ya bari.

"Malama ƙarama! Me ya sa ba ki zo ba Asabar biyu?" in ji Tsuntsuwa.

Uwarta ta ce ta wuce ciki. Da ta shige ƙofa, Anti ta tsaya kusa da ni tana kallon titi, ba ni ba.

"Ban gaya mata ba. Ba ni zan ɗauke miki wannan ba. Ki zo Asabar ki faɗa mata da bakinki. In ta ce ki tafi, kin tafi ke nan."

"To, Anti."

"Kuma ban yafe ba."

"Na sani."

Juma'a, ƙarfe bakwai na yamma

Yaya ake gaya wa 'yar shekara takwas? Na gwada a gaban madubi sau shida.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Anti ta ɗaga mini labule ta koma kan kekenta, amma ban ji ya tashi ba.

Na zauna a bakin gado na gaya mata. Ban ƙawata ba. Ta saurara tana murza wani ƙyalle a yatsa.

"Ke ce kika ce ya yi sauri?"

"Ni ce."

"Kin gan ni a ƙasa?"

"Na ga jakarki."

"Kuma kika tafi?"

"Na tafi."

Ta juya ta fuskanci bango. Na ga kafaɗunta suna motsi, ban taɓa ta ba. Na zauna a wurin awa guda cur, lokacin darasinmu, littafin a rufe a kan cinyata. Ba ta juyo ba. Da lokaci ya cika na tashi na ɗauki jaka. Na kai labule sai na ji muryarta, fuskarta har yanzu a bango.

"Asabar ki zo da fensir, nawa ya ƙare. Amma ba na magana da ke."

Na ce to.